Randar da Ramlatu ta Kife

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Ramlatu ta baro layin tuƙa-tuƙa, jarka a ka, ɗan bokiti a hannu, 'yarta Nana Khadija tana biye da ita riƙe da gefen zani. Tun bayan la'asar take tsaye a layin nan, abin da ta samu ke nan.

Bazarar bana a Dawaki ta ƙasar Rano ba ta zo da wasa ba. Rijiyoyin unguwa sun ƙafe ɗaya bayan ɗaya, har wadda tsofaffi ke rantsuwa ba su taɓa ganin ƙasanta ba. Da rana rufin kwano sai ya riƙa ƙas-ƙas, kaji su saki baki a ƙarƙashin rumbu, awaki su lafe jikin katanga. Ɗaki ba ya shiguwa sai don ɗauko abu a fito. Kowa ya baje tabarma a tsakar gida da mafici a hannu, yara kuwa ƙurajen zafi sun feso musu a wuya da goshi. In ka jiyo hayaniya a unguwa kada ma ka wahalar da bakinka wajen tambaya, a kan ruwa ne.

A ƙofar gidan su Ramlatu akwai darbejiya, a gindinta kuma akwai randa da aka binne rabinta cikin yashi. Randar Iya ke nan, uwar mijinta, wadda ta rasu da kakar da ta wuce. Randar sadaka ce irin wadda ake ajiye wa masu wucewa, da moɗa rataye a jikin ƙusa. Sai dai ta Iya tana da nata sha'anin. Mutane da safe suke cika tasu saboda masu tafiyar rana, ita kuwa da magariba take cikawa. Duk Juma'a ta turara ta da kajiji. Murfin ba ta rufe shi ruf, sai ta bar ɗan baki, sannan ta ajiye wani ƙaramin ƙoƙo a ƙasa ta bayan bishiyar, inda ba mai gani balle ya sha da shi.

Ranar da jikinta ya tsananta ta kamo hannun Ramlatu ta ce, "'Yar nan, gida naki ne, ki yi yadda kika so da shi. Amma randar nan, don Allah kada ki bari ta kwana ba ruwa."

Ramlatu ta ce to. Kuma ta cika alkawari duk tsawon sanyi, don da sanyi wa ya damu da ruwa? Sai da bazara ta kankama sannan abin ya fara ci mata tuwo a ƙwarya.

Ta sauke jarkar, ta ɗaga murfin randar, ta leƙa. Ƙaf. Ko danshi babu. Ba yau aka fara ba. Ta sha fitowa da asuba ta duba, randar da ta cika har wuya da magariba sai ta tarar da ita a bushe. To wane ne? Lungun nan a gona ya ƙare, bayan isha'i ko kare ba ya bi ta nan. Kuma ko ayarin fatake ne suka sauka, ai sa bar ɗan guntu a ƙasa.

Ta juye bokitin a ciki ranta a ɓace, ta kalli ƙofar da ke jikin tasu.

Gidan Sadiqa ne, maƙwabciyarta, wadda ake kira Maman Amiru. 'Yar unguwar ce, a nan aka haife ta, ba kamar Ramlatu da aure ya kawo daga Kibiya ba. 'Ya'yanta biyar, kullum a wanke tas, kuma tsakar gidanta kan samu yayyafi da yamma. Ina take samun wannan ruwan? Ramlatu ta taɓa kama ta har sau biyu a gindin darbejiyar bayan magariba, a sunkuye kan randar. Sadiqa tana jin ƙarar ƙyaure sai ta miƙe ta shige gida da sauri, bokiti yana lilo a hannunta, ko sallama babu.

Da mijinta Uzairu ya dawo daga tuƙin adaidaita sahu, yana cin tuwo tana yi masa fifita, ta kwashe duka ta faɗa masa.

Ya ce, "Haba, Maman Nana. Zato fa zunubi ne."

"Ko da ya zama gaskiya, na sani, ba sai ka ƙarasa ba. Amma ai ba kai ke tsayuwa a layi rana tana dukan ƙwaƙwalwarka ba. Ni in ɗebo, wata ta kwashe ta yi wa 'ya'yanta wanka? Wallahi ba da ni ba."

"Wasiyyar Iya ce dai."

"Iya masu ƙishi ta ce a ba, ba ɓarayi ba."

Ya ci gaba da cin tuwonsa, don gajiya ta fi ƙarfin gardama. Washegari da magariba Ramlatu ta fito, ta tone yashin, ta jijjiga randar har ta fito, ta kife ta a gindin bishiyar. Ta cire moɗar daga ƙusa. Ƙaramin ƙoƙon kuma ta shiga da shi ta wurga bayan murhu. Tana sake fitowa ta ga Sadiqa tsaye a ƙofarta, ta dafe ƙirji.

"Maman Nana, me kika yi haka?"

"Abin da idonki ya gane miki. Mai son ruwa ya bi layi."

Sadiqa ta buɗe baki kamar za ta yi magana. Ramlatu ta shige gida ta banko ƙyaure.

A nan ta zaci magana ta ƙare. Ina!

Randarta ta cikin gida, wadda ke inuwar rumfa, ita ta fara. Ta cika ta da yamma, da safe ta tarar da rabi. Ta ce ko yoyo take yi, ta shafa gindinta, ƙasa a bushe. Kashegari ko rabin ma babu. Ta dubi katangar da ke tsakaninta da Sadiqa, wadda damina ta zaizaye wa kai har yaro ma zai iya haurowa, ta gyaɗa kai. Wato an hana su a waje sun biyo ciki.

Da yamma ta kwaso toka a murhu ta tankaɗe, ta barbaɗa kewaye da randar, ba ta gaya wa kowa ba.

Gari na wayewa ta je ta duba, sai ga sawu. Ƙananan ƙafafu ne, ba takalmi, da yawa, wani kan wani, har tokar ta dame. Ba na Nana ba ne, don a jikinta yarinyar ta kwana. Da Ramlatu ta natsu ta duba da kyau, da ta lura duk sawun randar suka fuskanta. Na zuwa ne kaɗai, babu ko ɗaya na komawa. Amma wanda ya riga ya yanke hukunci ina ruwansa da shaida? Ita dai ta ga ƙafar yara, kuma ta san gidan da ke da yara.

Ta taka turmi ta leƙa ta kan katanga. Sadiqa tana dama koko, 'ya'yanta zagaye da ita.

"Maman Amiru, abin har ya kai ki turo yara su hauro mini gida? Sata kike koya musu tun yanzu?"

Ludayin ya tsaya a hannun Sadiqa. "Ni kike kira ɓarauniya? A gaban 'ya'yana?"

"Ni ban ambaci suna ba. Mai kaza a aljihu ai shi ba ya jimirin as."

Idon Sadiqa ya cika da ƙwalla, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Ki mayar da randar Iya inda kika same ta. Iyakar abin da zan gaya miki ke nan."

"Don ki ci gaba da kwasa? Allah ya kiyaye."

"To, shi ke nan. Allah ya isa tsakanina da ke."

Tun daga ranar ko gaisuwa ta yanke. Ramlatu ta daina zuba ruwa a randa gaba ɗaya. Ta bar shi cikin jarkoki, ta murɗe murafen tam, ta shigar ɗaki ta sa kwaɗo, makullin a ƙulle a bakin zaninta. Ko ɗigo ba ta bari a tsakar gida ba, har butar alwala ɗaki take kwana. Ta ce yanzu sai ta ga ta inda ɓarawo zai biyo.

Sai Nana ta fara.

Yarinya ce 'yar shekara uku, mai surutu kamar rediyo, ga ta da ƙiba. Da farko ruwa kawai take yawan nema. A ba ta kofi ta shanye ta miƙo, a ƙara ta shanye ta miƙo. Sannan leɓenta ya tsattsage. Ramlatu ta lura da wani abu da ya tayar mata da hankali: a wannan zafin da babba ke jiƙewa sharkaf yana zaune, jikin Nana ko ɗigon zufa babu. In ta yi kuka, kukan ne kawai, ido a bushe.

Uzairu ya ɗauke su zuwa cikin Rano, don tsoron sanƙarau ya kama kowa a irin wannan lokaci. Aka duba wuya, aka duba ido, aka ce ba shi ba ne, ruwan jikinta ne ya yi ƙasa, a riƙa ba ta ruwan gishiri da sukari. Suka ba ta. Kamar ana zubawa a yashi.

Zuciyar Ramlatu ta koma kan katanga. Allah ya isan nan da aka yi mata fa? Ko baki ne? Ko dai matar nan tana da abin da ya fi sata? Ta tuna yadda Sadiqa kan tsura wa Nana ido in sun haɗu a lungu, sai ta hana yarinyar ko leƙa ƙofa.

Wata yamma tana yi mata fifita a kan tabarma, Nana ta buɗe ido ta dubi ƙarƙashin rumfa, inda tokar nan take har yanzu.

"Umma."

"Na'am, 'yar albarka."

"Ki ce su daina lasata."

Maficin ya tsaya. "Su wa?"

"Yaran Iya. Wai ƙishi suke ji."

Ramlatu ta waiga. Rumfa ce kawai, da randa ba ruwa, da tsintsiya a jingine. Ta ce zafin zazzaɓi ne, ta tofa mata addu'a, amma tsigar jikinta ta daɗe ba ta kwanta ba.

Washegari Uzairu ya kwashi fasinja zuwa Kibiya, har rana ta yi ja bai dawo ba, wayarsa kuma a kashe. Tun azahar Nana ta daina magana. Idanunta sun faɗa, harshenta ya yi fari. Ramlatu ta kwance makulli ta buɗe ɗaki don ta haɗa mata ruwan gishirin. Ta kama jarkar farko da ƙarfinta, sai jarkar ta taso fayau har ta kusa faɗuwa da baya.

Murfin yana nan a murɗe yadda ta bar shi. Ta buɗe. Wani huci mai zafi ya bugi fuskarta. Ta buɗe ta biyu, haka. Buta ma haka. Da hannunta ta cika su da safen nan, kuma kwaɗon ba wanda ya taɓa shi.

Nan ne karon farko da Sadiqa ba ta zo mata a rai ba.

Ta goya Nana, ta rarumi abin da hannunta ya fara kaiwa a bayan murhu, ta fita. A tuƙa-tuƙa an riga an ɗaure hannun da sarƙa sai gobe, don ruwan ya taru. Ta dawo ta tsaya a ƙofar Sadiqa. Tana jin motsin kwanuka a ciki. Ta ɗaga hannu za ta buga, sai ta tuna abin da bakinta ya faɗa ta kan katanga, hannun ya sauka da kansa. Kunya da girman kai suka tura ta hanyar ƙorama.

Ƙoramar tana bayan gonaki, ta ƙafe tun tuni, sai yashi. Mata kan je da safe su tona rami, su jira ruwa ya tsattsafo, su kwalfa. Da safe fa. Ba mai zuwa da magariba.

Ta ratsa kunyoyin da aka share ana jiran damina. Ƙasa tana mayar da zafin da ta sha da rana, har ta cikin silifas tana jin sa. Can baya aka fara kiran salla, muryar ladan tana zuwa tana yankewa. Ta gangara cikin ƙoramar, ta sami wani tsohon rami, ta durƙusa.

Sai a lokacin ta ga abin da ta ɗauko. Ƙaramin ƙoƙon Iya ne.

Ta yi ta tono da shi. Yashin ya fara sanyi, sannan ya yi danshi. Ruwa ya fara taruwa a hankali, ja-ja, yana ƙyalli da sauran hasken da ya rage. Ta ce alhamdu lillahi, ta dakata ya ɗan kwanta.

Gyare suka yi shiru.

Ba ɗaya bayan ɗaya ba. Gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki.

Sai ƙamshi. Kajiji. Irin ƙamshin da ke tashi daga randar Iya ranar Juma'a. A tsakiyar ƙorama, inda ba gida ba wuta.

Ta dubi ramin. Ruwan yana sauka. Ba tsotsewar yashi ba ce, don tana jin ƙarar. Ƙwat. Ƙwat. Ƙwat. Maƙogwaro ne ke haɗiya.

Ramin ya bushe.

Ta sake tono. Ruwa ya taru. Ƙwat. Ƙwat. Ya tafi.

Yashi ya yi ƙara a bayanta. Taku ne, marar nauyi. Wani ya biyo shi ta dama. Wani ta hagu. Suna da yawa, kuma ba sauri suke ba.

Daga bayanta, a cikin goyo, wata 'yar murya ta ce, "Umma, sun biyo mu."

Ta buɗe baki za ta karanta Ayatul Kursiyyu. Harshenta ya manne a dasashi. Ko yawun da za ta motsa shi babu.

Goyon ya fara sauƙi.

Uwa ta san nauyin 'yarta. Nana tana nan, tana jin ƙafafunta a kwiɓinta, amma nauyin yana raguwa, majanyin yana saki, kamar jarkar nan da ta ɗaga ɗazu.

Wani abu ya taɓa ƙeyarta, daidai inda zufa ke gangarowa daga ƙarƙashin ɗankwali. Harshe ne. Busasshe, mai kaushi irin na mage. Ya lasa a hankali, daga ƙasa zuwa sama.

"Ƙishi," aka ce a kunnenta na dama. Muryar kamar ana murza busasshen ganye.

"Kin kife mana," aka ce a na hagu.

"Kin kulle."

"Saura ita."

Ramlatu ta danna ƙoƙon cikin ramin da dukkan ƙarfinta, ta kwalfo abin da ya tsattsafo, ta rufe bakinsa da tafin hannu. Rabin ƙoƙo. Shi ke nan abin da ta mallaka a duniya.

Na Nana ne. Don ita ta zo. Amma kafin ta ba ta sai ta kwance goyon, ta sauke ta a kan yashin nan, a tsakiyarsu.

Sai ta tuno Iya. Yadda takan sunkuya ta ajiye ƙoƙon a ƙasa ta bayan bishiya, fuskarta a kauce, ba ta taɓa kallon wurin ba.

Ramlatu ta runtse ido. Ta miƙa hannu baya, ta ajiye ƙoƙon a kan yashi. Da kyar maganar ta fito.

"Bismillahi. Sadaka ce. Ku sha."

Yashi ya ruɗe da gudu, duk suka yi kan ƙoƙon.

Ta zabura.

Ta haye gaɓar ƙoramar da rarrafe. Silifas ɗaya ya tsinke, ta yar da ɗayan. Kututturen kara yana yankar ƙafarta, ba ta ji. Hannu ɗaya a baya ta tallafe Nana, don majanyin ya daina riƙe ta.

Rabin ƙoƙo ba ya daɗewa.

Kafin ta fita daga gonaki ta ji su. Tif-tif-tif-tif. Suna matsowa.

Ga bakin lungu. Ga darbejiya, baƙa ƙirin a cikin duhun magariba. A gindinta akwai mutum a sunkuye.

Ta tsaya cak. Sai ta ji ƙarar ruwa yana zuba cikin randa.

"Taho nan," in ji Sadiqa, ƙasa-ƙasa. "Kada ki waiwaya. Juya ki kalli bango."

An tayar da randar, an zaunar da ita a raminta. Sadiqa ta ƙarasa juye bokitin, ta ɗauki na biyu ta juye, ta ɗora murfin ta bar ɗan baki. Ta fizgo Ramlatu, suka kifa goshinsu a katanga, kafaɗa da kafaɗa.

Iska mai zafi ta wuce ta ƙafafunsu, daidai gwiwa. Ta wuce, ta sake wucewa, ta yi ta wucewa.

Murfin randar ya yi ƙwar.

Ƙwat. Ƙwat. Ƙwat.

Sadiqa tana karanta Falaƙi da Nasi a hankali, ta kai ƙarshe ta sake farawa. Ramlatu ba ta iya komai ba sai riƙe hannunta. Ba ta san tsawon lokacin da suka yi a haka ba.

Sai shiru.

Wani gyare ya gwada murya a gindin katanga. Wani ya amsa masa.

Goyon ya yi nauyi, har sai da Ramlatu ta rankwafa. Nana ta tsala kuka, irin kukan da ke cika unguwa, kuma wani abu mai ɗumi ya jiƙa bayan rigar uwarta. Hawaye ne. Ramlatu ta kwanto ta ta shafa goshinta, ta ji shi jiƙe da zufa, sai ta zube a ƙasa ta rungume ta tana kuka ita ma.

A tsakar gidan Sadiqa suka ƙarasa. Ɗan ruwan da ya rage a buta shi aka ba Nana, ta sha rabin kofi ta ture, ta ce ta ƙoshi. Bokitan nan biyu su ne ruwan gidan gaba ɗaya, na sha da na girki. Yaran Sadiqa a daren nan da ƙishi suka kwanta.

Ramlatu ta kasa ɗaga ido. "Maman Amiru, amma na gan ki a kan randar, har sau biyu."

"Kin gan ni. Da na shige gida, bokitin a cike yake ko wofi?"

Ramlatu ta tuna. Ta ga bokitin a idonta, yana lilo a hannu. Bokitin da ke cike ba ya lilo.

"Ƙarawa nake yi," in ji Sadiqa. "In bazara ta yi tsanani cikawa ɗaya ba ta isarsu. Iya ta roƙe ni in riƙa taimaka miki a ɓoye, don ba ta so ki tsorata da gidan aurenki. Da asuba nake bin layi, shi ya sa ba kya ganina. Da kika kife ta na so in faɗa miki komai, sai kika kira ni ɓarauniya a gaban yarana, zuciya ta ɗebe ni. Yau da na hango ki kin nufi ƙorama da goyo, na ce in na ƙara minti ɗaya Allah ba zai bar ni ba."

"Ki yafe mini don girman Allah. Na zalunce ki."

"Ya wuce. Ai ba ke kika fara ba." Sadiqa ta dubi Nana da ta yi barci a cinyar uwarta, irin kallon nan da Ramlatu ta daɗe tana yi wa mummunar fassara. "Iya ma ta taɓa kife ta. Sau ɗaya, tana amarya, wata shekara da aka yi fari. Mahaifiyata ce ta ba ni labari. Baban Nana bai taɓa gaya miki yana da yaya mace ba ko? Bai san ta ba, kafin a haife shi ne. Shekararta uku ta rasu."

Ramlatu ta ƙara ƙanƙame 'yarta.

Sadiqa ta ƙara da cewa, "Ranar suna, da Iya ta nace sai an sa wa yarinyar nan Khadija, kin zaci sunan wa take mayarwa?"

Da asuba Ramlatu ta leƙa bayan darbejiya. Ƙaramin ƙoƙon da ta baro a ƙorama yana nan a mazauninsa, a wanke, a kife. Ba ta taɓa shi ba, ba ta kuma tambayi kowa ba.

Nana ta warke sarai, surutunta ya dawo, kuma ba ta sake ambatar yaran Iya ba. Uzairu ya gaya wa malamin unguwa, malam ya ce shayar da mai ƙishi sadaka ce ko wane ne shi, su dai riƙa yin bismilla, su riƙe addu'ar safe da yamma. Ya ƙara da cewa a rage bincike.

Yanzu in Ramlatu ta dawo daga layi, randar ƙofa take fara cikawa kafin ko ɗigo ya shiga gida. Sadiqa takan fito da nata bokitin, su juye tare, su yi 'yar hira fuskarsu na kallon lungu. Katangar da ta zaizaye ba a gyara ba, ta kanta suke miƙa wa juna gishiri da wuta.

Abu ɗaya ne bai koma daidai ba. Duk tsananin zafi, ko zufa ta jiƙa wa Ramlatu riga har ana matsewa, akwai wani wuri a ƙeyarta, faɗin yatsa biyu, da ba ya tsattsafo da komai. A bushe yake har yau. In magariba ta gabato ba ta cika randar ba, nan ne ke fara yi mata ƙaiƙayi.